Hayaƙin da ba a gani: abin da ke fita idan jiha ta ƙona mai don samun wutar lantarki

Duk wanda ya taɓa kwana a Agege, Idi-Araba, Mile 12 ko Sabon Ibadan ya san abin da ke biyo baya idan aka ce NEPA ta ɗauke. Kafin ka gama laluben tocila, ƙarar janareta ta cika unguwa. Mai shayi ya ja nasa, mai cajin waya ya ja nasa, mai aski haka, masallaci haka. Nan da nan warin mai ya cika hanci.

Wannan warin duk mun san shi. Amma akwai wani abu da ke fita daga bututun janaretan nan wanda ba shi da wari, ba shi da launi, kuma ya fi man da aka zuba nauyi. Shi ne iskar kabon, wadda ake yawan ambata a rediyo idan ana maganar ɗumamar yanayi. Maganarta ta taso mana yanzu ne saboda doka ta canja, jihohi sun samu ikon yin wutarsu da kansu, kuma kowace jiha za ta zaɓi abin da za ta riƙa ƙonawa. Mu da ke zaune a Legas, Oyo, Inugu, Abiya da Ribas, wannan zaɓin zai shafi aljihunmu da ƙirjinmu, har da garuruwan da muka baro a Arewa.

Wane mai ake nufi?

Sai mun warware sunaye tukuna, domin a Hausa akwai rikici a nan. Direban tirela idan ya ce zai sha gas, man dizal yake nufi. Uwargida idan ta ce gas ɗinta ya ƙare, na tukunyar girki take nufi. Akwai kuma iskar gas da ake turowa ta bututu daga yankin Neja Delta zuwa tashoshin wuta. Don kada mu ruɗe, a wannan rubutu zan ce dizal idan ina nufin na tirela, in ce iskar gas idan ina nufin ta bututu.

Sai kuma baƙin mai. Idan aka kai ɗanyen mai matata, dafa shi ake yi. Masu sauƙi su ne ke fara tashi: gas na girki, fetur, kananzir, sannan dizal. Abin da ya kwanta a ƙasa, mai kauri kamar ƙanzon tukunya, daga cikinsa ake samun baƙin mai da kwalta. Kaurinsa ya kai sai an ɗumama shi kafin ya yarda ya bi bututu. Dattawan da suka yi aiki a masaƙun Kakuri a Kaduna ko na Bompai da Sharaɗa a Kano sun san shi sarai, da shi ake hura manyan tukwanen tururi. Jiragen ruwan da ke sauke kaya a Apapa ma shi suke sha. Yana da araha a kan dizal, shi ya sa ƙasashe da jihohin da ba su da iskar gas ko madatsar ruwa suke komawa gare shi don yin wuta.

Yadda ake yin wutar ba wuya ba ne a fahimta. Ko dai a ƙona man a ƙarƙashin tukunyar ruwa, tururi ya tashi ya juya wani babban farfela, farfelan ya juya injin da ke haifar da wuta. Ko kuma a zuba shi kai-tsaye a cikin ƙaton inji irin na jirgin ruwa. Tashar Egbin da ke kusa da Ikorodu, wadda ta fi kowace tashar wuta mai ƙona makamashi suna a ƙasar nan, irin ta tururi ce. An gina ta a tsakiyar shekarun 1980, tana da injuna 6, kowane ɗaya megawat 220, jimilla megawat 1,320. An ƙera ta ne yadda za ta iya ƙona iskar gas, ta kuma iya ƙona baƙin mai idan buƙata ta taso, ko da yake da iskar gas take aiki.

Yaya lita ɗaya ke haifar da kusan kilo uku?

Nan ne mutane da yawa ke yin gardama, ni ma na yi ta a aji. Litar dizal ba ta kai kilo ɗaya ba a sikeli, wajen giram 840 ce. Amma idan ta ƙone tana fitar da iskar kabon kusan kilo 2.7. Mutum zai ce ina ƙarin ya fito?

Daga iskar da muke shaƙa ya fito. Wuta ba ta ci sai da iska, shi ya sa ake fifita gawayi. Mafi yawan abin da ke cikin mai sinadarin kabon ne, irin wanda ke cikin gawayi, wajen kashi 86 cikin 100. Idan ana ƙonawa, kowane ƙwayar kabon ɗaya sai ta kama ƙwayoyin iskar oksijin biyu, kuma kowace ƙwayar oksijin ta fi ta kabon nauyi. Kilo 12 na kabon na haɗuwa da kilo 32 na oksijin su ba da kilo 44 na iskar kabon. Kamar dai mudun gari ne da aka tuƙa da ruwa, tuwon da za a kwashe ya fi garin nauyi nesa ba kusa ba.

Ga lissafin a taƙaice. Litar fetur tana ba da wajen kilo 2.3. Litar dizal wajen kilo 2.7. Litar baƙin mai wajen kilo 3.

Bari mu kai shi kasuwar kara don a fi ganewa. A ce mai shago yana ƙona fetur lita 5 kowane dare. Kilo 11 da rabi ke nan a dare guda. A wata ya kai wajen kilo 345, nauyin bijimi guda ke nan a tsaye, irin wanda ake ciniki a kansa ana rantse-rantse. Duk wata shago ɗaya na tura bijimi guda na hayaƙi sama, ba wanda ya gan shi. A shekara bijimai 12. To ku ƙirga shagunan layinku kaɗai.

Idan aka koma babbar tasha, sai lissafin ya koma na tanka. Tankar mai da muke gani a hanyar Legas zuwa Ibadan tana ɗaukar lita 33,000. Idan baƙin mai ne a ciki, ƙona shi zai ba da wajen tan 100 na iskar kabon. Tashar da ke ba da megawat 100 dare da rana da baƙin mai za ta sha wajen tanka 15 ko fiye a kullum, ta fitar da tan 1,500 ko sama da haka. Kuma megawat 100 ba komai ba ne a gari irin Legas.

Hayaƙi uku ne, kada a haɗa su

Wani kuskure da ake yi shi ne ɗaukar duk hayaƙi abu ɗaya. Aƙalla kashi uku ne, kowane da irin ɓarnarsa.

Na farko shi ne baƙin da ake gani, mai shafa bango da labule. Ƙurar gawayi ce da ba ta gama ƙonewa ba, tana shiga huhu ta zauna. Mutanen Fatakwal sun ɗanɗana wannan tun wajen 2016, lokacin da baƙar ƙura ta riƙa sauka a kan motoci da tufafin shanya, wadda akasari aka danganta da masu tace mai a daji da ƙona kayansu da ake yi. Baƙin mai ya fi kowa wannan, ga shi kuma da farar wuta a cikinsa mai yawa, wadda idan ta ƙone take yanka maƙogwaro, ta tayar wa masu asma ciwonsu. Saboda haka ne tun daga farkon 2020 aka hana jiragen ruwa a duniya ƙona man da farar wutarsa ta wuce rabin kashi ɗaya cikin 100, bayan a da an yarda har kashi 3.5, sai fa jirgin da ke da na'urar tace hayaƙi.

Na biyu shi ne mai kisa a dare ɗaya. Sunansa kabon monoksaid. Ba ya wari, ba a ganinsa. Yana fita ne idan inji na aiki a wurin da iska ba ta wadata ba, ya shiga jini ya hana shi ɗaukar oksijin. Mutum sai ya ji ciwon kai da kasala, ya ce gajiya ce, ya kwanta, shi ke nan. Labarin iyalan da aka tarar da safe a ɗaki da janareta a baranda ko a zaure ba baƙo ba ne a garuruwan nan. Mu da muke kwana mutum biyar, shida a ɗaki ɗaya, muna kuma shigo da inji ciki don tsoron ɓarayi, mu ne wannan ya fi shafa. Don Allah, janareta waje, nesa da taga da ƙofa, ko da ana ruwa. Gara a sace inji da a ɗauki gawa a mota zuwa gida.

Na uku ita ce iskar kabon da muke magana a kai. Ita ba ta sa tari, ba ta kashe kowa a ɗaki a yawan da take fita. Ɓarnarta a sama take. Tana taruwa ta zama kamar bargo, zafin rana ya shigo, idan zai koma sai ta riƙe wani ɓangare. Kafin zamanin masana'antu, a cikin kowane kashi miliyan ɗaya na iska, 280 ne na kabon. Yanzu ya haura 420. Kuma wadda ta fita yau, wani ɓangarenta zai daɗe a sama ɗaruruwan shekaru. Matatar hayaƙi na iya kama baƙar ƙura da farar wuta, amma ba ta kama wannan. Ko injin sabo ne fil, lita ɗaya sai ta ba da kilonta.

A Legas tashar mai ba ɗaya ba ce, ta warwatsu ne

A takarda, Najeriya ba ta dogara da mai wajen yin wuta. Mafi yawan wutar da ke kan babban layin ƙasa daga iskar gas take, saura daga madatsun Kainji, Jebba, Shiroro da Zungeru. Matsalar ita ce tashoshin da aka gina sun kai wajen megawat 13,000 a rubuce, amma abin da ke isowa ga jama'a yawanci tsakanin 4,000 ne da 5,000, ga mutum sama da miliyan 200. Giɓin da ya rage, janareta ke cike shi: na bankuna, otal-otal, masana'antu, asibitoci, turakun kamfanonin waya, ɗakunan sanyi da ake ajiye nama da kifi, har zuwa ɗan ƙaramin nan da ake wa laƙabi da "I pass my neighbour".

Wato dai jihar Legas tana da ƙatuwar tashar wuta mai shan mai, sai dai ba a wuri ɗaya take ba. An yayyanka ta gunduwa-gunduwa an raba wa kowane gida da kowane shago. Kuma wannan ita ce hanya mafi asara. Litar fetur tana ɗauke da zafin da ya kai wajen yunit 9 na mita, amma ƙaramin janareta da ƙyar ya ba ka yunit 1 zuwa 2 daga ciki, sauran ya tafi a zafi da ƙara. Babban injin dizal mai lafiya yana ba da yunit 3 da ɗoriya a lita. Idan ka raba, za ka ga yunit ɗaya daga ƙaramin janareta na iya fitar da kabon sama da kilo ɗaya, na babban injin dizal wajen giram 800, na tashar iskar gas ta zamani mai sake amfani da zafinta wajen giram 400. Talaka da ke da ƙaramin inji shi ke biyan wuta mafi tsada, kuma shi ke shaƙar hayaƙinta a bakin ƙofarsa.

Tsadar ba sai an faɗa wa kowa ba. Bayan cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000 a wurare da dama. A Afrilun 2024 da aka kai kuɗin wutar rukunin Band A naira 225 a yunit, mutane sun yi kuka, kuma suna da gaskiya. Amma mai ƙaramin janareta da ke sayen lita a naira 1,000 ya samu yunit ɗaya da rabi, ya biya sama da naira 600 a yunit bai sani ba.

Me ya canja a doka?

A Maris na 2023 tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulki da ya ba jihohi damar samar da wuta, su tura ta, su raba ta a cikin iyakarsu. A Yunin shekarar Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar lantarki. Inugu, Ekiti da Ondo na cikin na farko da hukumar NERC ta fara miƙa wa ikon kula da kasuwar wutarsu a 2024. Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya sa hannu a dokar lantarki ta Legas a Disambar 2024. A Aba kuma an buɗe tashar Geometric mai aiki da iskar gas a Fabrairun 2024.

A nan ne haɗarin yake. Gwamnan da ke son a ga haske kafin zaɓe, hanya mafi sauri gare shi ita ce ya kawo manyan injunan dizal ko na baƙin mai. Cikin watanni an kafa su, ba sai an jira bututu ba. Amma da zarar an sa hannu a kwantiragin shekaru 10 ko 20, jiha ta ɗaure kanta da farashin mai, kuma farashin mai yana bin dala ne.

Akwai waɗanda suka riga mu shiga. Hawaii jiha ce a Amurka, tsibirai ne a tsakiyar teku, ba ta da layin wuta da ya haɗa ta da sauran ƙasar. Mafi yawan wutarta daga man da ake kawowa a jirgin ruwa take, kuma mutanenta ne ke biyan kuɗin wuta mafi tsada a duk jihohin Amurka. A 2015 suka kafa dokar cewa zuwa 2045 duk wutarsu ta koma ta rana, iska da makamantansu. Kusa da mu kuma, lokacin da Ghana ke fama da ɗauke wutar da suke kira dumsor, ta ɗauko tashar wuta ta kan jirgin ruwa daga kamfanin Karpowership na Turkiyya a 2015, mai ƙona baƙin mai a Tema. A 2019 aka mayar da jirgin kamfanin da ke Tema a lokacin zuwa Sekondi don ya koma iskar gas, saboda ta fi sauƙi.

Iskar gas ma ba tsarkakakkiya ba ce. Idan aka auna zafi iri ɗaya, kabon ɗinta bai kai na mai ba da wajen kashi 30 cikin 100, ba ta da baƙar ƙura, farar wutarta kaɗan ce. Amma idan bututu na yoyo, wadda ta tsere ba a ƙone ba ta fi kabon riƙe zafi sau da yawa. Abin takaicin shi ne har yau ana ƙona ta a banza a bakin rijiyoyin mai na Neja Delta, mu kuma muna layi da jarka.

Ina ruwan ɗan Arewa?

Wani zai ce ai ba mu muka ɓata sama ba. Gaskiya ne. Duk nahiyar Afirka ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na kabon ɗin duniya. Ɗan Najeriya bai kai tan ɗaya ba a shekara idan aka raba, ɗan Amurka ya haura tan 10. Ko duk janaretocin Legas aka kashe gobe, zafin Sakkwato ba zai ragu jibi ba. Kuma a faɗi gaskiya, shanun da muke kasuwanci da su ma suna fitar da tasu iskar mai riƙe zafi idan suna tuƙa.

Amma hayaƙi ba ya tsayawa a kan iyaka, kuma inda ɓarnar ta fi sauka shi ne yankinmu. Masana sun yi ittifaƙi cewa ƙarin zafi na sa bazara ta ƙara tsanani, ruwan sama kuma ya riƙa zuwa da ƙarfi a lokaci ɗaya. Mun ga ambaliyar 2022 da ta kashe sama da mutum 600 a ƙasar nan, Jigawa na cikin inda ta fi yi wa ɓarna. Mun ga Maiduguri a Satumbar 2024 da madatsar Alau ta ɓalle. Ba sauyin yanayi kaɗai ya jawo waɗannan ba, akwai sakacin gyaran madatsu da gini a hanyar ruwa, amma yana ƙara wa wutar fetur. Mu 'yan kara mun fi kowa sanin cewa abin da ya samu makiyaya a Yobe ko Mubi, a farashin sa a Oko-Oba da Bodija ake ganinsa. Idan ciyawa ta yi ƙaranci, dabba ta iso a rame, harawa da dusa su yi tsada, riba ta tafi.

Najeriya kuma ta yi alƙawari a taron Glasgow na 2021 cewa zuwa 2060 za ta daidaita kabon ɗin da take fitarwa da wanda take kwashewa. Ba a Abuja za a cika wannan alƙawari ba, a irin injin da kowace jiha ta saya ne.

To me za mu yi?

Abin da ke hannunmu kaɗan ne, amma yana da amfani nan take. Janareta a waje, wannan ba ciniki. Mai shagon da ƙwai uku da fanka da cajin waya kaɗai yake buƙata, ya zauna ya lissafa abin da yake kashewa a fetur a wata shida, ya gwada da kuɗin farantin sola da batir. Da yawa za su ga cewa tsadar ta farko ce kawai. Shaguna goma da ke layi ɗaya, babban inji guda mai lafiya da mita ga kowa ya fi ƙananan goma sauƙin mai da hayaƙi. Inda ake yanka da yawa kuma, kashin shanu da tumbin da ake zubarwa a kwata ana iya tara su a rufaffen rami su ba da gas na girki da na kunna inji, ana yin haka a ƙasashe da dama.

Sai kuma baki. Muna da sarakunan Hausawa, muna da shugabannin kasuwa da ƙungiyoyin dillalai, kuma 'yan siyasa na zuwa wurinsu duk lokacin zaɓe. Idan aka zo da maganar za a kawo wa kasuwa ko unguwa tashar wuta, kada a tsaya a tafi da godiya. A tambaya: me za ta ƙona? Nawa ne yunit, kuma idan dala ta tashi wa zai biya? Ina bututun hayaƙin zai fuskanta, kuma gidajen su wa ke wajen? Domin irin waɗannan injuna ba a kafa su a Ikoyi, a gefen unguwanni irin namu ake kafa su. Rigakafi ya fi magani.

Allah Ya ba mu wuta mai ɗorewa, Ya tsare mu da iyalanmu, Ya ba Arewa damina mai albarka.